Tafi-da-gidanka: Abin da gyaran motar kwana ya koya mini

Akwai kalmomin da Hausa ta tanada tun kafin abin da ya fi dacewa da su ya iso gare mu. Ɗaya daga ciki ita ce “tafi-da-gidanka”. Mun laƙaba ta ga kotun da ke bin masu karya dokar tsaftar muhalli, mun laƙaba ta ga asibitin da ke zagaya ƙauyuka, daga baya kuma wayar salula ta zo ta ƙwace sunan. Amma a nan Birtaniya, inda neman abinci ya kawo ni, na tarar da abin da ya fi su duka cancantar wannan suna, wato motar ɗaukar kaya da ake mayarwa ɗaki, a sa mata gado da madafa da makewayi, mutum ya tuƙa ta zuwa inda babu turken lantarki kuma babu famfo, ya kwana ya tashi ba tare da ya roƙi kowa komai ba. Yau shekara 3 ke nan ina da irin wannan mota, kuma kusan shekara guda na yi ina gyaranta da hannuna a ranakun Asabar da Lahadi. Abin da aikin ya koya mini shi nake son in ɗan gutsura wa mai karatu, domin na ga ya shafi ’yan’uwana na gida fiye da yadda ake zato.

Al’adar ta daɗe a wajen mutanen nan. Tun a 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan ƙafafu a birnin Bristol, dawakai suna ja, ya riƙa yawon buɗe ido a cikinsa. A 1907 masu irin wannan sha’awa suka kafa ƙungiyarsu, wadda har yau tana nan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1951, kamfanin Westfalia na Jamus ya fara sanya akwatin gado da tebur a cikin ƙaramar bas ɗin Volkswagen, daga nan abin ya bazu a Turai da Amurka. Abin da ya canja a zamaninmu shi ne sola da batir. Da can mai motar kwana dole ya yada zango a wuraren da ake biyan kuɗi a jona wuta. Yanzu kuwa yana iya ɗauke da wutarsa a kan rufi.

Tawa tsohuwar Fiat Ducato ce wadda ta ci ƙuruciyarta wajen rarraba kaya. Na zaɓe ta ne saboda faɗin cikinta ya kusa mita 1.9, don haka ana iya gitta gado daga bango zuwa bango, a bar sauran tsawon ga zama da girki. Ranar da na kawo ta, babu komai a cikinta sai ƙarfe da ƙura. Mai irin wannan fili abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne cikawa: kujeru masu taushi, babban firji, talabijin, tayil a ƙasa, kamar amaryar da ake yi wa jere. Doka ce ke fara taka masa birki. Wanda ya sami lasin tuƙi na ƙananan motoci daga 1997 zuwa yau, ba a yarda ya tuƙa abin da ya haura kilo 3,500 ba, kuma a cikin wannan lissafi har da motar kanta, da mai, da ruwa, da tukwane, da shi direban da iyalinsa. Motar kaɗai ta cinye sama da kilo 2,000. Sauran shi ne duk abin da ka mallaka a duniya muddin kana kan hanya. Saboda haka kafin in ɗaura kusa ko guda, sai da na sami littafi na riƙa rubuta nauyin kowane abu kusa da farashinsa, kuma sau da yawa nauyin ne ke yanke hukunci. Katako mai kauri ya ba filawud marar nauyi wuri, tangaram ya ba kwanon roba wuri. Da aiki ya ƙare na kai ta kan sikelin manyan motoci, tankunanta a cike, na ga akwai sauran rata, sannan hankalina ya kwanta.

Gyaran da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda baƙo ba ya gani. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin, ya kuma kwana a soron ƙasa, ya san bambancin. Soro yana riƙe sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da dare, shi kuwa kwano duk abin da ke waje shi yake miƙo maka. Motar kaya ɗakin kwano ce ta kowace fuska, sama da ƙasa da gefe. A ƙasar sanyi kuma akwai ƙarin matsala: numfashin mutum biyu da tururin tukunya suna taɓa ƙarfe mai sanyi sai su koma ruwa, bango ya yi ta gumi, katifa ta yi fumfuna, tsatsa ta fara cin motar daga ciki. Don haka na bi kowane lungu na cusa ulun tumaki, na shimfiɗa allunan soso mai tauri a ƙasa da rufi, sannan na yanka rufin na dasa fanka mai zuƙe iska. Yanka rufin mota mai lafiya da zarto abu ne mai sa gaban mutum faɗuwa, amma ɗakin da iska ba ta ratsa shi ba ya zaunuwa komai kyansa.

Sai ɗumama ɗaki. Na sa ƙaramin injin ɗumi mai shan dizal daga tankin motar, wanda ko an ƙure shi bai wuce rubu’in lita a awa ba. Hikimarsa ita ce wutarsa tana ci a cikin rufaffen gida, tana shaƙar iska daga waje, tana fitar da hayaƙi ta ƙarƙashin mota, abin da ke shigowa ɗaki iska ce mai tsabta da ta goga jikin ƙarfe mai zafi. Duk da haka na rataya ƙararrawar da ke kuka idan ta sunsuno kabon monoksayid, iskar nan mai guba wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. A kan wannan ba na bukatar wani Bature ya yi mini bayani. Mu da muka sha jin labarin iyalin da suka shigar da janareta cikin gida saboda tsoron ɓarawo, aka wayi gari babu wanda ya tashi, mun san aikin wannan iska. Tukunyar gas ɗin girki ma tana cikin akwatinta a rufe, da rami a ƙasansa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi, sai ya sami hanyar fita.

Batun wuta shi ne inda na fi jin kamar ina gida. Maƙwabtana Turawa da ke irin wannan aiki sukan yi mamakin yadda batir da inbata ba sa ruɗa ni, alhali kuwa duk wanda ya tashi a zamanin NEPA ya yi wannan karatu tun bai shiga aji ba. Sai dai motar ta tilasta mini abin da ba kasafai muke yi a gida ba, wato lissafa bukata kafin sayen kaya. Mai mitar kati ya san yunit, kuma yunit guda shi ne abin da na’ura mai jan wat 1,000 za ta sha a awa ɗaya. Na zauna na tara namu: ƙaramin firji yana shan kusan kashi 4 cikin 10 na yunit a kwana ɗaya, fitilu da famfon ruwa ba su kai kashi 1 ba, kwamfuta da wayoyi da fankar injin ɗumi suka haɗa kusan kashi 3. Jimla ba ta cika yunit ɗaya ba. Da wannan a hannu na sayi batir 2 na litiyom waɗanda ke riƙe kimanin yunit 2 da rabi, ma’ana kwana 3 ko da rana ba ta leƙo ba. Nauyinsu duka bai wuce kilo 30 ba. Da irin batir na dalma ne, wanda ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, da sai na ɗauki 4, nauyinsu kuma ya haura kilo 100. Shi litiyom nasa sharaɗin shi ne kada a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara, don haka a ƙarƙashin benci yake zaune, a cikin ɗumi tare da mu.

A kan rufi akwai farantan sola na wat 300. A nan ne na ƙara sanin darajar ranar da muka baro. A ƙasar Hausa tsawon yini bai cika nisa da awa 12 ba, rani da damina. A Inverness kuwa, can arewacin Sikotilan, yini yakan kusa awa 18 a watan Yuni, ya dawo ƙasa da awa 7 a Disamba, kuma ko a ’yan awannin nan rana a kwance take a gindin sama, gajimare na kare ta. Farantan da ke cika batir kafin azahar a bazara, da hunturu sai su koma ado. Maganin shi ne wata na’ura da ke ɗebo wuta daga injin motar yayin tafiya, wadda tuƙin awa 2 ke mayar da abin da aka sha a yini guda. Dutsen guga da butar lantarki kuwa a gida suke kwana. Tafasa lita ɗaya kimanin kashi 1 cikin 10 na yunit kawai take ci, amma butar tana fizgar wat 2,000 ko fiye a lokaci guda, kuma saboda ita kaɗai sai ka sayi babbar inbata da wayoyi masu kaurin yatsa. Na ga bai dace shayi ya yi mini wannan mulki ba.

Ruwa ya fi wuta tsanani, domin ba ya sauka daga rufi, kuma kowace lita kilo guda ce. Tankina lita 80 yake ci. An ƙiyasta cewa mutum ɗaya a Birtaniya yana amfani da kimanin lita 140 a rana, wato tankin nan ba zai kai shi la’asar ba. Ni da maiɗakina kuwa yakan kai mu kwana 4, lita 10 ga kowa a rana, har da sha da girki da wanke-wanke da alwala. Babu wani sirri a ciki sai buta da bokiti da moɗa, waɗanda muka gada. Masu sayar da kayan motocin kwana suna da famfuna iri-iri masu tsimin ruwa, amma ban ga wanda ya kai buta ba, saboda mai riƙe da buta yana jin nauyin abin da ya rage a hannunsa. Makewayi kuma akwati ne mai murfi wanda ake cirewa a zubar a wuraren da aka tanada. Wannan shi ne ɓangaren da masu ɗora hotuna a intanet ba sa nunawa, alhali kuwa shi ne ke raba mai tafiya da mutunci da mai barin ɓarna a bayansa.

Da na haɗa waɗannan duka sai na gane cewa jin daɗi a cikin mota yana zuwa ne daga sanin gwargwado. A gidan da ke jone da gari, mutum yana iya shekara bai san nawa ya sha ba, bai san ina dattinsa ya tafi ba, takardar biya ce kawai ke tuna masa. A cikin mota komai yana da ƙarshe, kuma ƙarshen a gabanka yake: allon batir yana ƙirga maka, tanki yana ƙara idan ya kusa ƙarewa, akwatin makewayi ba ya jiran uzurinka. Na ɗauka wannan zai zama takura, sai ya zama natsuwa. Wanda ya san guzurinsa zai kai shi Alhamis yana barci ranar Litinin. Fatakenmu na dā da ke bin hanyar Gwanja sun san wannan ilimi, madugu ba ya tayar da ayari sai ya san nisan zango da inda rijiya take. Shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai akwai wata fuska ta al’amarin, kuma mahaifiyata ce ta fara nuna mini ita. Da na tura hotunan motar gida, sai ta kira ni, bayan mun gaisa ta yi shiru, sannan ta ce, “Ɗan nan, gaya mini gaskiya, korar ku aka yi daga gidan hayar?” Na ce, “A’a Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, gida yana nan, wannan ta yawo ce kawai.” Ta ce, “To, mu dai a saninmu yaron mota ne ke kwana a mota. Ka ɗauki ’yar mutane ka kai ta daji ku kwana a bayan a-kori-kura, in iyayenta suka ji me zan ce musu?” Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini, domin tambayarta ta farko ita ce ainihin tambayar. Mota iri ɗaya, gado iri ɗaya, amma wani yana ciki don ya so, wani don ba shi da inda za shi.

A Amurka, bayan rugujewar tattalin arziki ta 2008, dattawa da yawa da suka rasa gidaje da ayyuka sun koma cikin motoci, suna bin aikin ƙwadago daga jiha zuwa jiha. ’Yar jarida Jessica Bruder ta bi su ta rubuta littafin Nomadland a 2017, kuma fim ɗin da aka yi daga littafin ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. A nan Ingila, birnin Bristol, inda aka ƙera ɗakin likitan nan mai yawon nishaɗi, yanzu ɗaruruwan mutane ne ke kwana a motoci a gefen titunansa, da yawansu suna da aikin yi, kuɗin haya ne ya gagare su. Wata doka ta 2022 kuma ta mayar da zama cikin mota a filin wani ba da izini ba laifin da kan iya kai ga ƙwace motar a Ingila da Wales, idan an ce mutum ya tashi ya ƙi kuma ana ganin zamansa na jawo ɓarna. Ni idan sanyi ya yi tsanani sai in juya kan mota in koma gida in kunna ruwan zafi. Wanda na tarar a wajen ɗiban ruwa, wanda motarsa ba ta da ulu a bango, ba shi da wannan makulli a aljihu. Saboda haka idan na ji ana kiran rayuwar mota ’yanci, nakan tuna cewa ’yancin na mai wurin komawa ne.

Ko mai tafiyar ganin dama ma akwai haƙƙi a kansa. Dokar Sikotilan ta 2003 ta ba kowa damar ratsa daji da tsauni, har ya kafa tanti ya kwana, amma damar ba ta haɗa da mota ba. Hanyar nan mai mil 516 da ke zagaya gaɓar arewa, wadda aka fara tallatawa a 2015, ta jawo motocin kwana masu yawa zuwa ƙauyukan da titinsu mota ɗaya ke ɗauka, sai an raɓe a ba juna hanya. Mutanen wurin sun sha kokawa da masu toshe ƙofar gona da masu zubar da ƙazanta a bakin rafi. Mun bi hanyar a watan Mayu, muka riƙe ƙa’idar da kowane Bahaushe ya sani game da baƙunta: ka nemi izini, ka sayi abinci a shagon garin, kada ka daɗe, kada ka bar alama. A wani ƙauye wani tsoho mai tumaki ya nuna mana bayan rumbunsa ya ce mu kwana a nan, iska ba ta kaiwa. Da safe maiɗakina ta aika masa da kwanon ƙosai, ya dawo da kwanon cike da ƙwai.

Abin da nake son ’yan’uwa na gida su ɗauka a nan mai sauƙi ne. Mu da yawa a Kano da Katsina da Damagaram mun riga mun zama mazauna motar kwana ba tare da taya ba: wutarmu a kan rufi, ruwanmu a tanki ko a kurar mai garuwa. Bambancin shi ne mukan sayi kaya tukuna, mu yi lissafi daga baya. Mutum zai tara kuɗi ya sa sola, a jona masa firiza da dutsen guga da injin jan ruwa a kan batir ɗaya, wata 6 batir ya mutu, a ce kayan jabu ne. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa ba a tambayi batirin abin da zai iya ɗauka ba. Takarda da biro na rabin awa, a rubuta abin da kowace na’ura ke ja da awannin da take aiki, sun fi ƙarin faranti biyu amfani. Kuma wanda ya sa silin mai kyau ya buɗe taga ta fuskar iska, ya rage wa fanka rabin aikinta tun kafin ya kunna ta.

Abokai sukan tambaye ni ko zan sa motar a jirgin ruwa in kawo ta gida. Ta fuskar rana, babu inda za ta fi jin daɗi, farantan nan za su ƙoshi kowace safiya. Ina kwaɗayin in yada zango kusa da ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, in hau tsaunin Mambila in kwana cikin hazo, in bi ta Argungu, in miƙa har Agadas. Amma akwai abu guda da duk motar kwana ke dogara da shi, wanda ba ya cikin littafin lissafina domin ba a sayar da shi a kowane shago, shi ne mutum ya kashe inji a bakin daji bayan magariba, ya ja labule, ya yi barci. A yau direban da ya san hanyar Birnin Gwari ko dajin Zamfara ba zai ba ka shawarar haka ba, shi kansa sauri yake ya shiga gari kafin duhu. Kakanninmu sun yi fatauci daga Kano zuwa Salaga da jakuna, suna kwana a zango a ƙarƙashin kariyar sarakunan hanya, mu kuma da kwalta da injin dizal muna tsoron tafiyar yini guda. Har zuwa ranar da wannan zai gyaru, motar tana nan a ƙofar gida, ina duba mata mai da taya. Allah ya dawo mana da aminci a hanyoyinmu, ya sa mu ga lokacin da baƙo zai kwana a gefen kowane ƙauye namu ya tashi lafiya.